Waƙar Verlean

Ozella tana shanya a gefen gidan babanta, bakin gonar auduga, sai ga doguwar mota ta tsaya. Cleotis ne, mijinta makaɗin jita, ya dawo daga Chicago ya sha kwat, har da haƙorin zinare.

Ya ce ɗaukarta ya zo yi. Ya kama gida mai famfo, an daina kwanan tasha, faifansa yana tashe tun daga Memphis har Detroit.

"Ozella tawa... kin rame."

"Kai kuwa ka yi ƙiba."

Ta so ta tsane shi, abin ya ƙi. Muryar nan ce dai ta sa ta bar waƙar coci ta bi shi, babanta yana cewa kiɗan Shaiɗan ne. Da ciwon ƙirji ya ɗauke 'yarsu Verlean, Cleotis yana yawon wasa. Babanta ne ya haƙa kabari, ya dawo da Ozella gida, bai taɓa yi mata gori ba.

Cleotis ya kama hannunta, ya rantse bai manta da yarinyar ba. Ai waƙar Verlean ce ma ta ɗaukaka shi.

"Na ji ta," in ji Ozella. "Na shiga kanti sayen gishiri, wani ya kunna faifan. Har tarin da na ba ka labari ina kuka, ka saka shi. Ka san me suka yi? Rawa. Wata tana murguɗa ƙugu da sunan 'yata."

Ya ce haka kiɗan blus yake, ko mutum ya rera ciwonsa ko ciwon ya cinye shi.

"To ka daina rera ta. In ka yarda, yanzu zan shiga motar nan da kayan jikina."

Da gaske take. Sai Cleotis ya fara inda-inda, wai ita ake fara nema a kowane wasa, wai kamfanin faifai ba zai yarda ba...

Ta zare hannunta.

"Kabarin yana bayan coci, ba ka taɓa ganinsa ba. Ka biya, ƙila ka samo sabon baiti."

Ya shiga mota ya ja. Ta tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu tana kallon mararraba, ko zai karya kwana wajen cocin.

Motar ta miƙe arewa, hanyar Chicago.