Kazar Siton Nahuce

Da hantsi aka bugo waya ofishin 'yan sanda na Bungudu cewa an fito da gawa daga siton waken Alhaji Tajuddeen a Nahuce. Kafin Sufeto Bawa ya isa, gari ya riga ya yanke hukunci, don mutanenmu ba sa jiran alƙali. Duba-gari ce ta kashe shi, in ji su, don wai ita ta ce a shiga siton.

Duba-garin sunanta Zahra'u. Ita hukuma ta turo daga Gusau tana zagaya wuraren aiki, tana duba abin da zai iya cutar da ma'aikata. Kofur ya riga ya sa ta a bayan mota don kada a taɓa ta. Idan zargin ya tabbata, ba aikinta kaɗai za ta rasa ba, gidan yari ke jiran ta.

Mamacin kuwa Mahadi ne, saurayin da ke riƙe da makullin sito. An zuba wa waken ƙwayar kashe ƙwari da ake kira bom, an toshe ƙofa da tagogi. Ya shiga tun iskar gubar ba ta fice ba, ya hau saman buhuna, can ya faɗi.

Sufeto ya fara da mai sito.

"Wa ya ba da izinin buɗewa?"

"Ita ta, ranka shi daɗe," in ji Alhaji Tajuddeen. "Ta bugo min waya ta ce an iya shiga."

"Ba ni wayar."

Alhaji ya shiga laluben aljihu kamar mai neman allura. Da wayar ta fito, babu kiran Zahra'u ko ɗaya. Sai kiraye-kirayen wani direba daga Tsafe da ya zo lodi yana ta azalzala.

"To, ba ta kira ba," in ji Alhaji, murya ta yi ƙasa. "Amma ni ban ce a shiga ba. Cewa na yi a gwada kaza."

Sufeto ya juya wurin Zahra'u. Idanunta sun yi ja, amma maganarta ba ta rawa.

"Na hana su gwajin kaza," ta ce. "Da can, in sun sa bom, sai su ajiye kaza a kwando cikin sito ta kwana. In ta rayu, su ce iska ta yi kyau. Na ce a jira ni in zo da na'urar awo. Mahadi na koya wa aikin, shi na ba takunkumi, na ce makulli ya zauna a hannunsa."

"Kafin shi, wa ke riƙe da makullin?"

"Malam Bala, shugaban leburori."

Kazar tana nan cikin kwando a bakin ƙofa, wake-wake mai ɗigon baƙi da fari, da ranta, tana ta kurkur tana neman hanyar fita. Sufeto ya tsuguna ya daɗe yana kallon ta. Gubar da ta kayar da ƙato mai ɗaukar buhu, ta yaya za ta kwana da kaza ta bar ta? Ruwa dai ba ya tsami banza. A ƙafarta ta hagu akwai ɗan jan tsumma a ɗaure, irin shaidar da mata ke yi wa kajinsu.

"Alhaji, wannan ce kazar da ka bayar?"

"Ni fara na saya a kasuwa. Bala na miƙa wa."

Malam Bala na zaune a gindin darbejiya, dattijo mai kaurin wuya, gemu ya fara fari. Ya miƙe da ladabi.

"Malam Bala, farar kaza aka ba ka. Ya aka yi ta rikiɗa?"

"Alhaji ya mance na, ranka shi daɗe. Wagga ita ta. Ni na sa ta da hannuna, ta kwana lahiya lau."

"Yaya kuke da Mahadi?"

"Kamar ɗa shike gare ni. Ni na koya mai ɗaukar buhu. Yanzu dai shi ne babba. Har hular kwano an ba shi. Ko tsintsiya za a ɗauka sai an ce ina Mahadi."

Sufeto ya san wannan muryar. Da irinta shi ma yake gaida sabon shugaban ofishinsu, yaron da ya koya wa sara wa manya, wanda yanzu shi Sufeton ne yake sara masa. Hassada ba ta ihu, gaisuwa take yi har ƙasa. Zuciyarsa ta yi masa nauyi, don ya fara jin tausayin mutumin da yake zargi.

"Kofur, buɗe kwandon nan."

"A kai ta ofis a matsayin shaida, oga?"

"Sake ta."

Jama'a suka yi ta kallon juna, wasu har da murmushi: Sufeto guda da bin kaza. Ita kuwa ko waiwaye ba ta yi ba. Ta bi ta bayan masallaci, ta ratsa wani lungu, ta kutsa ta kafar danga. Daga ciki aka ji 'yan tsaki sun ruɗe da kuka, aka kuma ji muryar mace.

"Ga ta nan ta dawo. Tun da sassahe nike biɗar ta."

Sufeto ya yi sallama daga zaure. "Inna, gidan wa ne nan?"

"Gidan Malam Bala na. Lahiya?"

Bala na tsaye a bayansu. Ya nemi dakali ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Farar tana cikin rijiyar da aka daina sha," ya ce. "Ina da wani makulli da ban maida ba. Da na leƙa da sahe ta mutu ta sandare. Na riƙe numfashi, na fiddo ta, na sa wagga kusa da ƙofa. Sannan na kira Mahadi."

"Me ya yi maka?"

"Ba komi. Abin da ke ci na ke nan." Hawaye suka zubo masa. "Tun yaron ga bai san ƙamshin wake ba nike sito. Rana guda mace ta zo da na'ura, aka ce kazata jahilci ta, aka amshe makulli gaban yaran da nike ba umarni. Wallahi ba mutuwatai na nuhwa ba. So na yi shi yi jiri, shi fito yana amai, a yi mai dariya, a ce ashe mai hular kwano ma bai san komi ba."

Kofur ya sa masa ankwa, suka komo bakin sito. Waɗanda ɗazu ke neman jifan Zahra'u suka dare mata hanya, kowa kansa a ƙasa. Ta sauko daga mota, ta tsaya gaban Bala.

"Na gaya masa kada ya yarda da kaza," ta ce. "Ya rantse mini. Me ka ce masa har ya shiga ba takunkumi?"

Bala bai iya kallon ta ba.

"Bai yarda da kaza ba, Malama. Ya ɗauko takunkumin zai sa, sai na ce, ashe yanzu maganata ba ta isa ba? Sai ya rataye shi ga ƙusa. Ya ce, 'Baba, in kai ka ce, ai shi ke nan.'"

Sufeto Bawa ya buɗe wa Bala ƙofar mota da kansa.