Ɓarawon da Ya Shafa Fenti

Sufeto ya daɗe yana bin sawun ɓarayi, amma bai taɓa ganin wanda ya yi sata ya tsaya shara ba sai ranar Litinin ɗin nan.

Hawa na uku ne na wani benen ofisoshi da wani kamfanin gine-ginen haya ke kula da shi. A da banki ne a ciki, ya tashi ya bar wa mai ginin na'urorin sanyaya ɗaki, wato esi, jere a bango. Yau ko esi ɗaya babu. Ba a ɓalle ƙofa ba, ƙasa kuma tsaf kamar an lashe.

Sufeto ya shafa bango, ya shinshina yatsansa. An toshe ramukan da bututun esi ke bi, an bi su da fenti ruwan madara daidai da na bangon.

"Yallaɓai," in ji Kofur, mataimakinsa, "in mun kama wannan, a ara min shi ya gyara min ɗaki."

A ofishin kamfanin suka tarar da Hajiya, mai kamfanin, tana ta huci. Kusa da ita babban dillalinta ne, wanda kowa ke kira Ba-Matsala, don da kalmar yake buɗe baki. Can gefe wata yarinya ce a tsaye, ido ya yi ja. Ɗalibar jami'a ce da ke shekarar sanin makamar aiki a wurinsu. In kamfanin ya kore ta da sunan sata, shekarar ta tashi a banza, digirin ma sai dai ta gani a hannun ƙawayenta.

"Wa ya fara ganin satar?" Sufeto ya tambaya.

"Ni ce," in ji ɗalibar. "Ranar Juma'a na fara auna wurin don tallar haya. Yau na koma in ƙarasa, na ga bango fayau."

"Makulli nawa ne?"

"Ɗaya tak, ranka ya daɗe," Ba-Matsala ya karɓe. "Kuma ita ta ɗauka. Ni tun da lif ya lalace ban hau benen nan ba, gwiwa ta hana. Yarinya ce mai hankali, amma ka san yaran yanzu da abokai."

"Na mayar da makullin tun ranar Juma'a," ɗalibar ta faɗa da sauri, idonta a ƙasa.

Sufeto ya sa aka ba su wuri, ya ja mata kujera.

"'Yata, ƙarya ba ta karɓe ki ba. Ina makullin ya kwana?"

Sai hawaye. "A jakata, Yallaɓai. Mantawa na yi. Na ji tsoro in faɗa a ce ni ce. Wallahi ko ƙusa ban taɓa ba."

Ta ba shi tausayi ƙwarai, amma tausayi ba shaida ba ne. Ya dai tambaye ta, "Fentin ginin, ina ake ajiye ragowarsa?"

"Akwai ragowa?" Ta ɗago kai da mamaki.

Sufeto ya ɗauki hularsa, suka koma benen shi da Kofur.

Maigadin benen ya rantse ya maya cewa ko nan da can bai je ba duk ƙarshen mako. Sufeto ya bar shi ya gama, sannan ya nuna bokiti da soso a bayan kujerarsa.

"Wankin mota kake yi?"

"A'a... wato, ɗan kaɗan. Asabar da Lahadi, a layin baya. Don Allah kar Hajiya ta ji."

"Wa ya san kana barin ƙofa?"

"Ba kowa. Sai dai Ba-Matsala, shi ma don nakan wanke masa tasa."

Maigadin ne kuma ya nuna masa ɗan sito a ƙarƙashin matattakala. Gwangwanin fenti na ciki, murfinsa bai gama rufuwa ba, burushin da ke kai har yanzu da danshi.

Suna tsaye sai ga wata mata ta faka mota, ta fito riƙe da farar riga a hannu. Ta ce ita likitar haƙori ce, tana neman inda za ta buɗe asibiti, ta zo ta ƙara duba hawa na uku.

"Ƙara dubawa? Yaushe kika fara?"

"Jiya da la'asar. Na ce wa dillalin sai Lahadi nake da sarari, ya ce ba matsala. Ai ya ba ni kunya, yana gaba a matattakala ina binsa ina haki."

Kofur ya yi tari don ya ɓoye dariya.

"Kin ga esi a wurin?"

"Na tambaya ma. Ya ce ba a taɓa sa esi a hawan ba, kowa da nasa yake zuwa. Har ya nuna min bangon, ya ce dubi, ko rami babu."

Sufeto ya hau da likitar hawa na uku, ya kira Hajiya a waya, ya ce su zo su ukun. Sai ga Ba-Matsala yana hawowa yana dafa bango, yana wash-wash. Da ya yi ido biyu da likitar, sai ya manta da ɗingishin.

"Sannu da gwiwa," in ji Sufeto. "Jiya da wane makulli ka buɗe wa Likita, alhali ɗaya tak ɗin yana jakar yarinyar nan?"

"Ba matsala, zan yi bayani..."

"Akwai matsala. Da bankin ya tashi, wa ya karɓi makullai?"

"Shi ne!" Hajiya ta dafe ƙirji. "Ɗaya ya kawo min."

"Ɓarawon titi ya kwance esi ya gudu, ina ruwansa da rami," in ji Sufeto. "Wanda zai toshe rami, ya shafa fenti, ya yi shara, mutum ne da zai kawo mai haya gobe."

Ba-Matsala ya sulale ya zauna a ƙasa. Ya ce ranar Asabar ya zo da akori-kura, kayan suna garejin surukinsa. Ya ɗauka mai ginin yana ƙasar waje, sabon mai haya kuma bai san me ke wurin da ba, ba wanda zai lura.

"Da na bar ramukan, da an ce ɓarayin waje ne," ya faɗa yana girgiza kai. "Amma hannuna ya ƙi. Tun da nake dillanci ban taɓa nuna wa mai haya bango da rami ba."

"Amma ka iya nuna 'yar mutane da yatsa," in ji Hajiya. "Yarinyar da na damƙa maka ka koya mata aiki!"

Kofur ya sa masa ankwa, ya tasa shi gaba suka sauka.

Hajiya ta juya ga ɗalibar. "Ke kuma, makulli ya ƙara kwana a jakarki, ni da ke ne. Amma ki yafe min, na zarge ki. Shekararki tana nan, da hannuna zan rubuta wa makarantarku."

Likitar ta ce ita fa har yanzu wurin ya kwanta mata a rai, wa zai zagaya da ita? Hajiya ta dubi ɗalibar, ta nuna mata likitar da haɓa.

Sufeto na shirin sauka sai ga wani dattijo ya hawo a gigice, hularsa a hannu, gumi ya jiƙa masa riga. Mahaifin yarinyar ne, labari ya kai masa cewa 'yan sanda sun riƙe ta.

"Ranka ya daɗe, 'yata ba ɓarauniya ba ce! Ku bar ta ta zo mu tafi gida, aikin ma mun yafe."

Yarinyar ta goge ido da gefen mayafi, ta riƙo hannunsa.

"Baba, an kama mai laifin. Ka sauka ƙasa ka zauna ka huta, zan same ka. Yanzu ina da mai haya."