Jarumin Bakin Get

"Ni fa tunda aka haife ni ban san abin da ake kira fargaba ba," in ji Tela, yana gyara hula a gaban madubi. "Ranar jarrabawarmu ta gama sakandare har barci na yi a kan benci. Na farka na kama rubutu, birona ya ƙare, na ari na mai sa ido, shi ma na ƙarar da shi!"

Matarsa, wadda yake kira Malama tun suna saurayi da budurwa, ko murmushi ba ta yi ba. Tana zaune a bakin gado, fensir na rawa a hannunta. Tana ajin ƙarshe mahaifiyarta ta kwanta ciwo, ta bar makaranta ta yi jinya. Daga jinya sai aure, daga aure sai goyo. Sa'o'inta suka zama malamai da nas-nas, ita kuwa wani abu ya zo ya zauna mata a ƙirji. Wata rana ta wuni a ɗaki labule a sake, ba ci ba magana. Wata rana zuciyarta ta yi ta bugu kamar keken ɗinkin mijinta. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ya ba ta magani, ya koya mata jan numfashi. Bara ta je rubuta jarrabawar gama sakandaren, ta yanke jiki ta faɗi a bakin get. Yau ce ranar komawa.

Sai ga Yaya, yayar Tela da ta raine shi, ta banko ƙofa da guntuwar sallama.

"Au, da gaske dai za a je? Uwar 'ya'ya uku a cikin yara masu majina! Bara unguwa ta gaji da yi da mu. To ki ji da kyau: kika sake faɗuwa yau, daga can ki wuce gidanku. Ba za a ce da ƙanena mijin mai taɓin hankali ba."

"Yaya, ba hauka ba ne. Likita ya ce—"

"Likitan ne ya aure ki?"

Hawaye suka zubo wa Malama. Ta dubi mijinta. Jarumin namu kuwa ya samu muhimmin aiki a maɓallin rigarsa. Ba wai ba ya son ta ba; duk ranar da labule ya sauka, shi ke yi wa yara wanka, shi ke rufe shago ya zauna a bakin ƙofarta yana zuba mata labaran ƙarya har ta ce a ba ta ruwa. Amma a gaban Yaya harshensa lanƙwashewa yake. Da ƙyar ya iya cewa, "Taso, Malama. Hau babur."

A bakin makarantar ɗalibai sun yi layi, maigadi yana lalube aljihu. Malama ta sauka, ta yi taku kaɗan, ta ƙame.

"Tela, ƙirjina! Ya fara. Wallahi ba zan iya ba."

"Haba, mene ne abin tenshan? Dubi ajin ma, ba kome a ciki sai..."

Ya leƙa ta tagar ajin da ke jikin get don ya nuna mata. Benci-benci a jere, nesa da juna, kowanne da lamba da alli. Wani mai tabarau yana zagaye da damin takardu a hammata. Ƙamshin alli ya daki hancin Tela. Tafin hannunsa ya jiƙe, wuyan rigar da shi ya ɗinka da kansa ya shaƙe shi. Aka buga ƙararrawa. Tim! Ga Tela zaune a ƙasa, hula a gefe, baki buɗe yana neman iska.

"Innalillahi! Tela!"

Malama ta durƙusa ta tallabe kansa. "Dube ni. Ja ta hanci... riƙe... saki a hankali. Ba mutuwa za ka yi ba, wucewa yake yi. Sake ja." Tana ja yana ja, tana saki yana saki. Ba ta lura ba, hannun da ke dafe da goshinsa ya daina rawa.

"Hajiya, zan rufe fa!" in ji maigadi.

Inuwa ta rufe su. Yaya ce, ta biyo su don ta ga faɗuwa da idonta, ta kuwa gani. Ta daɗe tana kallon matar da ta kira mai taɓin hankali tana fifita ƙanenta da mayafi. Sai ta durƙusa, murya ƙasa-ƙasa.

"Ba ni shi. Shiga, ƙanwata. Allah ya ba da sa'a."

Malama ta tsinci fensirinta, ta shige, aka turo get.

Rana ta take kafin Malama ta fito, ido jawur, yatsu duk baƙin fensir, tana dariya tana kuka. "Na rubuta, Yaya! Har shafin ƙarshe!" Yaya ta rungume ta, ta nemi gafara, ta ce gobe ita za ta zauna da yara.

To 'yan'uwa, ku riƙe wannan: karatu ba ya tsufa, ciwon damuwa kuma ciwo ne kamar kowane ciwo, ba abin gori ba. Wanda ya yi haƙuri da mai shi, ya riƙe hannunsa, wata rana hannun nan shi zai ɗaga shi daga ƙasa.

Tela dai ya samu kansa, har ya kaɗe hula ya kafa ta a karkace.

"Kun ga dabara?" in ji shi. "Da gangan na faɗi, don ta manta da nata tsoron. Mu da muka saba cin jarrabawa—"

"Da gangan?" Yaya ta dube shi sama da ƙasa. "To shekarar da na zo na kwashe ka a baro daga bakin get ɗin makarantarku, ko ajin ba ka shiga ba, wa kake yi wa dabara?"