Gidan Zanzaro a Bakin Famfo

Da hantsi aka kira ofishin 'yan sanda na Tarauni. Bututun iskar da ke sa lemo kumfa ya fashe a masana'antar Hajiya Fiddausi da ke Gyaɗi-Gyaɗi, iskar ta cika ɗaki, ta shaƙe Laraba mai wankin kwalabe har lahira. Kafin Sufeto Mubarak ya iso, an riga an tsare Izunna, mai waldar da ya haɗa bututun bara.

Sufeto ya juya ɓallen ƙarfen bututun a hannu. Waje fenti fes, ciki kuwa tsatsa ta yi masa cin gara. Kuma ba a kan walda ya tsage ba.

"Oga, iskar nan in a bushe take ba ta cin ƙarfe," in ji Izunna, da aka kawo shi gaban Sufeto. "Sai ta haɗu da ruwa take zama asid. Shi ya sa na saka famfo a ƙasa, a riƙa tsiyaye ruwan kullum."

"Aikin wa ke nan?"

"Baba Yusuf."

Baba Yusuf, tsohon makanikin gidan, ya taɓe baki.

"Kullum da safe nake buɗe shi, Yallaɓai. Aikin mutumin ne na banza. Waldar 'yan koyo!"

Sufeto ya durƙusa ya leƙa. Zanzaro ya gina gidansa a bakin famfon, lakar ta bushe ƙamas.

"Baba, wannan baƙon naka fa? Kullum kana sheƙa masa ruwa, bai tashi ba?"

Tsohon ya dubi gidan zanzaron. Can ya fashe da magana.

"Shekara ashirin! Ni na ja bututun farko da hannuna. Hajiya ta sa aka cire, ta ba wannan mutumin aikin. Baƙi in sun zo, sai 'ku ga aikin Izunna.' Ni kuma an mai da ni mai buɗe famfo. Na ce bari ya ɗan yi yoyo, ta gane. Wallahi ban nufi Laraba ba."

"Amma ita aka kai mutuware."

Kofur ɗin da ke tare da Sufeto ya sa wa tsohon ankwa. A bakin mota tsohon ya waiwayo.

"Yallaɓai, Hajiya ta ce wani abu a kaina?"

"Ba ta ko tambaya ba," in ji Sufeto. "Tana can tana jiran a sako Izunna."