Zaren da Aka Wanke

Da safiyar Litinin Afra'u ta buɗe shagonta a Rano, ta ɗaga murfin na'urar da ke narka zaren roba tana gina abubuwa da shi, sai ta yi salati. Ƙaramin samfurin injin ɓarar gyaɗa da za ta nuna wa ƙungiyar manoman Kibiya ya fito da ƙuraje kamar mai ƙyanda, ga silin roba ko'ina. Ta duba ƙwarƙwaron zaren. Ba sabon da ta saya ba ne. An musanya.

Kafin azahar Shitu, mai kula da na'urar, yana bayan kanta a ofishin 'yan sanda. Shi ne mai ɗayan makullin, kuma Afra'u ta ce kotu za ta raba su.

Sufeto Asma'u, wadda aka ba binciken, ba ta taɓa ganin irin na'urar ba. Ta zagaya ta sau biyu, ta sa aka kunna, ta kasa kunne. Bakin da ke fitar da narkakkiyar roba yana ta tas-tas kamar gyaɗa a kasko. Afra'u ta ce laima ce ke sa haka: idan zare ya sha ruwa sai ya kumbura, ya yi tururi a wuta, ramukan abin da aka gina su tsuke, haƙoransa su yi kauri. A ƙaramin samfuri kuwa, kaurin gashi ya isa ya hana komai shiga juna.

Sufeto ta fara da Bappa direba, wanda ya kawo zaren daga Kano. Ya rantse a naɗe ya miƙa shi. Afra'u ta nuna wani murfi sumul da ta buga da shi ran nan, aka sallame shi.

Shitu ya ce shi ko da gumi a hannu ba ya taɓa zare.

"Wa kake bar wa shago in za ka masallaci?"

"Sagiru, ranki ya daɗe. Mai wanki da guga na kusa da mu."

Sufeto ta koma shagon da sauri. Ta goga zaren da farin hankici mai danshi, ta fita rana, ta ɗaga. Shuɗi-shuɗi. Ta sunsuna, ta yi dariya har kofur ɗinta ya waiwayo. Afra'u ta tuna cewa a watan jiya ta zubar da wani tsohon farin zare da rana ta mayar ruwan ɗorawa.

Sagiru yana fesa wa wata babbar riga ruwa da baki lokacin da suka shiga.

"Malam Sagiru, ina da farin mayafi ya yi ja. Yaya za a yi?"

"Hajiya, ai wannan sana'ata ce. Sabulu, jiƙo na kwana, sai bula kaɗan. Ko wadda ta haife shi ba za ta gane shi ba."

"Ko na roba ne?"

Dutsen guga ya tsaya a hannunsa har rigar ta fara ƙauri.

Sabon zaren yana ƙarƙashin tulin zannuwan gado, a ledarsa, yana jiran motar Kano a kai shi kasuwa. Sufeto ta yi bayani a bakin titi, mutane sun cika: wanda ya san na'ura ba zai kai zare kusa da ruwa ba, don ya san a aikin farko asiri zai tonu. Wanda ya tsinci tsohon zare, ya ga ya yi ja, ya jiƙa shi ya sa masa bula, mutum ne da ya saba mayar da tsoho sabo a baho.

Afra'u da kanta ta je ta tsaya aka buɗe wa Shitu. Ta fara ba shi haƙuri, ya miƙa hannu ya karɓi sabon zaren da ke hannunta, ya matsa shi da farce.

"Wannan a bushe yake, Anti. In muka kunna yanzu, jibi manoman Kibiya za su ga injinsu yana juyawa."

A bayan motar 'yan sanda Sagiru bai daina mita ba. Shi dai a faɗa masa gaskiya: wankin bai fita ba ne?