Tsakanin Hawa na Biyar da na Shida

Dakta ya ce rabonsa da jin tsoro shekara bakwai ke nan. Wai da numfashi kawai ya kashe shi, kuma mai son koyo akwai aji a hawa na tara. Ba wanda ya san inda aka ba shi daktan, amma dai an buga a katinsa da ruwan zinare.

Auta ta gyaɗa kai, ta matsa kusurwar lif ɗin da ke hawa da su saman bene.

Ba da son ranta ta zo ba. Yayanta, wanda ya riƙe ta tun rasuwar babansu, shi ya taso ta gaba ta zo ta ga Dakta, irin mijin da ya ce ya dace da ita. Wanda take so mai gyaran lif ne a wannan benen. Dakta ya raɗa wa Yaya cewa mutumin ba shi da nutsuwa, Yaya ya sallame shi daga ƙofar gida. Kwana goma bai kira ba, ita ma ta hau fushi.

Lif ya girgiza, ya tsaya cak. Wuta ta ɗauke.

Wani ƙarfe ya yi ƙara a samansu.

Tun tana ƙarama Auta ba ta iya zama a rufaffen wuri. Numfashinta ya fara sarƙewa.

"Yaya... ba na iya numfashi..."

"Dakta, ga aikinka ya samu," in ji Yaya. "Dakta?"

Shiru.

Lif ya zame ƙasa kamar taku ɗaya, ya sake tsayawa. Auta ta fara salati, kalmomin na kakkaryewa a bakinta.

Sai ƙaramar lasifikar bango ta yi ƙara.

"Su wa ke ciki? Mai gyara ne."

Ko a mafarki ta san muryar nan.

"Ni ce..."

"'Yar rigimata? Saurare ni. Birki ya kama, lif ɗin nan ba inda za shi. Minti goma nake nema."

"Mutuwa zan yi kafin nan."

"Ba ki gama fushi da ni ba, ina za ki? Dafa bango da hannu biyu. Da sanyi?"

"Da sanyi."

"To ki bar hankalinki a kan sanyin. Ja iska ta hanci, ina ƙirgawa. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Sake ta a hankali, kamar kina hura shayi mai zafi."

Ta ja, ta sarƙe, ta fashe da kuka.

"Ba komai, sake. Ni ma haka nake yi in ina rataye a ramin nan, ƙasa ba ta ganuwa."

"Kai ma kana jin tsoro?"

"Kullum. Yayanki ma tsoronsa ya hana ni kira."

A zagaye na shida ta ji iska ta sauka har cikinta. Daga gefe kuma ta ji wani na hura shayi tare da ita. Yaya ne.

Ƙarfen ya sake ƙara, ta runtse ido, ba ta saki bango ba. Mai gyaran yana aiki yana ƙirga mata, har haske ya tsaga tsakiyar ƙofa. Ga shi durƙushe, duk baƙin mai a goshi, idonsa ja.

"Ki yafe min kwana goman nan."

"Fitar da ni tukuna, sai mu yi shari'a."

Yaya ya daɗe yana kallonsa. "Gobe ka zo gida. Ka shigo ciki, ban da tsayuwa a ƙofa."

Sai a lokacin Dakta ya yi gyaran murya.

"Kun lura ban ce uffan ba? Na nutsa ne can ƙasan zuciya. Mataki na bakwai ke nan, ba kowa ke kaiwa ba."

"Madalla," in ji Yaya. "Ke kuma Auta, kin kusa karya min hannu da riƙo."

"Ni? Yaya, hannuwana biyu suna jikin bango."

Har yanzu ma suna can. Yaya ya sunkuya ya dubi damtsensa.

"Dakta," ya ce, "sakar min hannu. An buɗe ƙofa tun ɗazu."