Ranar Da Ruka Ta Ture Inna

Ruka na goge rigar mijinta a falo dutsen gugar ya ja ta. Ta yar da shi ta ja da baya, hannunta na rawa har kafaɗa. Wani siririn wari na fitowa daga soket ɗin bango, irin na leda idan ta faɗa murhu.

"Yaya Ladan, wutar ta sake ja na," ta ce da mijinta, wanda ke shirin tafiya makarantar da yake koyarwa. "Wallahi tsoro nake ji. Jiya ma na dafa bangon ɗakin Inna na ji shi da zafi."

Ladan ya kama hannunta yana murzawa. Auren soyayya suka yi, ko shekara ba su rufa ba. Gidan kuwa na mahaifinsa ne, marigayi Malam Baƙo, wanda ya ja masa wuta tun Ladan bai zo duniya ba. Ba a taɓa sake wayoyin ba, sai dai ƙarin kaya: firij, fanka, hita, talabijin, duk a kan wayar da aka ja domin 'yan ƙwayayen fitila. Inda ta ɓare a naɗe da salatif a ci gaba.

"Zan sake yi wa Inna magana," ya ce, amma muryarsa ba ƙarfi.

"Ba sai ka wahala ba, na ji ku," in ji mahaifiyarsa, Inna Lahadi, daga tsakar gida. "Babu mai fasa mini bango. A gaban mahaifinka aka ja wayar nan, muka haife ku muka aurar, wuta ba ta ci kowa ba. Sai da amarya ta shigo gidan ya zama abin tsoro? In raba ni da kai take so, ta fito fili ta faɗa."

Ruka ta fito ta durƙusa. "Inna, ba raini ba ne. Ke nake jiye wa."

"Riƙe tausayinki."

Daga ranar Ruka ba ta ƙara tayar da maganar ba, amma hankalinta bai kwanta ba. Ga ƙaramin ciki da ita da Ladan kaɗai suka san da shi. Ta sa ya nuna mata babban makunnin da ke zaure kusa da mita. Da an kawo wuta gabanta zai faɗi, ta bi ɗaki-ɗaki tana shinshinawa. Bikin ƙawarta a Mashegu ma ƙin zuwa ta yi, don kar a bar tsohuwar ita kaɗai.

Wata rana bayan azahar aka kawo wuta, Inna ta jona hita za ta dafa ruwan wanka. Ruka na tankaɗe a madafa ta ji ƙara kamar an taka busasshen kara, sai salatin Inna. Ta fito da gudu. Soket ɗin ɗakin Inna na feshin tartsatsi, labule ya kama, harshen wutar na lasar akwatin da kayan marigayi ke ciki. Ga Inna ta nufi ƙofar da bokitin ƙarfe cike da ruwa, ƙafarta ba takalmi.

"Inna, kar ki zuba! Akwai wuta a wayar!"

Inna ba ta ko waiwayo ba, ta ɗaga bokitin. Ruka ta yi tsalle ta bangaje ta. Tsohuwar ta faɗi a kan hannunta, ruwan ya kife a tsakar gida. Ruka ta ruga zaure ta sauke makunnin, ta dawo da yashi a kwano tana watsawa har wutar ta mutu.

Maƙwabtan da suka shigo ba su ga farkon abin ba. Inna suka gani a ƙasa riƙe da hannu tana cewa, "Ta ture ni... yarinyar nan ta ture ni."

Washegari da hantsi mashin ya sauke Fure, yayar Ladan da ke aure a Kaboji. Ko mayafi ba ta ajiye ba ta fara.

"Uwarmu za a daka a gidan ubanmu? Ladan, ko ita ko mu!"

Inna kuwa ta kame bakinta. Ruka ta dama mata kunu, ta shafa mata man zafi a hannun da ya kumbura, tsohuwar ba ta ce mata ci kanki ba. Idan Ruka ta koma ɗaki sai kuka.

"Yaya, in an ce ka sake ni, ba zan riƙe ka a zuciya ba," ta ce da Ladan. "Amma ko ba na nan, don Allah a canza wayar nan."

Ladan ya fita idonsa jawur.

Ranar Juma'a aka zauna a gaban Kawu Tanimu, ƙanin marigayi. Fure ta zazzage abin da ke cikinta. Kawu ya dubi Ladan.

"Kawu, ba ni da kamar Inna a duniya," in ji Ladan. "Amma ba zan saki matar da ban ga laifinta ba. Inna ce aka ture, ita za ta faɗi abin da ya faru."

Ruka ta sunkuyar da kai.

Can Inna ta ce, "Ruka, da kika faɗo kaina, kin san wutar za ta iya haɗawa da ke?"

"Na sani, Inna."

"Da cikin da ke jikinki? Kar ki yi mamaki, ido gare ni." Hawaye suka zubo mata. "Fure, zauna. Akwatin mahaifinku kawai nake gani a lokacin. Da ruwan nan ya taɓa wayar, da yau zaman makokina kuke yi. Kunya ce ta rufe mini baki, saboda yarinyar nan ta faɗa tun da wuri na gwale ta. Ruka, ki yafe mini, 'yata."

Ruka ta fashe da kuka ta kifa kai a cinyar Inna. Fure ta rasa inda za ta sa fuskarta.

A satin aka kira masu aikin wuta. Da suka buɗe silin, wayoyin duk sun bushe sun tsattsage, ɓeraye sun cinye rigarsu. Aka zare su kaf aka ja sababbi masu kauri, aka sa akwatin da ke katse wuta da kansa idan kaya sun yi yawa, aka binne ƙarfe a ƙasa don kar wuta ta ƙara jan kowa.

Ranar sunan ɗan da Ruka ta haifa, Inna ce ta tare matan unguwa tana tambayar kowace shekarun wayar gidansu.

"Ku je a duba," take cewa. "Waya ma tsufa take kamar mu. Kuma in yaro ya gaya muku gaskiya ku saurara, don ba duk hannun da ya ture ka ne na maƙiyi ba."

Haƙurin da Ruka ta yi shi ya tsare mata aurenta, ya kuma bar mata uwa a raye.